Malam Ibrahim da Isawan Kano: Wanda Ya Tsaya da Waɗanda Suka Gudu

Yawancin littattafan tarihin ikilisiya da muke karantawa a aji suna fara labarin bishara a ƙasar Hausa ne da zuwan Turawa. Wasu su fara da 1893, shekarar da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da niyyar shigowa ƙasashen nan namu. Wasu kuma su fara da 1900, lokacin da Bishop Herbert Tugwell ya iso Kano da ayarinsa. Amma tun kafin ɗayansu ya taka ƙasar nan, wajen shekarar 1867, an riga an kashe wani malami Bakano a kasuwar birni saboda abin da yake koyarwa game da Isa. Sunansa Malam Ibrahim. Bai taɓa ganin ɗan mishan ba, ba a yi masa baftisma ba, bai taɓa shiga majami'a ba. Almajiransa su ne aka sani da Isawa, su kuwa sukan kira kansu Bani Isra'ila.

Mu da muke hidima a Wudil da kewayenta, wannan labari na ƙofar gidanmu ne. Wudil tana wajen kilomita 40 kudu maso gabas da Kano, kuma duk wanda ya tashi daga birni a mota yau zai je Ningi, ta gadar Wudil zai haye. Ƙasar da ke tsakanin ganuwar Kano da duwatsun Ningi, wato Wudil, Garko, Sumaila, Takai har zuwa Birnin Kudu, ita ce filin da tsoron wancan zamani ya yi ta kai da komo a cikinsa. Ba za mu gane dalilin kashe Malam Ibrahim ba sai mun fara gane wannan tsoro.

Ƙasa tsakanin Kano da Ningi

Wajen 1846, shekarar da Sarkin Kano Ibrahim Dabo ya rasu, wani malami mai suna Hamza a Tsakuwa, ta ƙasar Dawakin Kudu, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa. A ganinsa da na malaman da ke tare da shi, harajin da ake ɗora musu ba shi da tushe a shari'ar da aka yi jihadi domin tsayar da ita. Da ya ga fada za ta sa a kama shi, sai ya kwashi mutanensa ya nufi duwatsun Ningi, ya zauna cikin Butawa da Warjawa da sauran ƙabilun da ba sa son mulkin Kano ko na Bauchi. Cikin 'yan shekaru waɗannan malamai suka koma sarakunan yaƙi. Hamza bai daɗe ba ya faɗi a fagen fama, amma magadansa, musamman Ɗan Maje, suka mai da Ningi ƙaya a ƙafar Kano da Bauchi da Zazzau har zuwan Turawa. Hari ake kawowa, a ƙone rumbuna, a kore shanu, a kama mutane a tafi da su bayi. Talakawan ƙauyukanmu ne suka fi shan wannan wuya, Musulminsu da Maguzawansu.

Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855 ya yi mulki har farkon shekarun 1880, kusan duk zamaninsa da Ningi ya yi ta fama. Ga shi kuma ƙarni na 13 na Hijira yana gab da ƙarewa (shekarar 1300 ta kama ne a ƙarshen 1882), zancen bayyanar Mahadi da fitowar Dujal da saukowar Annabi Isa ya cika zaurukan malamai. A irin wannan hali, malamin da ya tara jama'a yana yi musu maganar komowar Isa, kunnen fada ba karatu yake ji ba. Wani sabon Hamza yake ji. Ya kamata mu yi wa Sarki Abdullahi wannan adalci: ba mahaukacin jini ba ne da ya tashi da safe yana neman wanda zai kashe. Mai mulki ne da ya taɓa ganin abin da malami ɗaya mai ƙin umarni ya jawo wa ƙasarsa, ya ji tsoron a sake. Fir'auna ma da tsoro ya fara a Fitowa sura 1, Hirudus da tsoro ya fara a Matiyu sura 2. Sau da yawa wanda yake tsananta mana shi ma a tsorace yake, kuma makiyayin da ya gane haka addu'arsa domin masu mulki takan canja.

Abin da Malam Ibrahim ya gani

Labarin Malam Ibrahim ya iso mana ta bakin 'ya'ya da jikokin almajiransa, waɗanda suka ba Likita Walter Miller shi a Zariya bayan shekaru fiye da 40. Bisa ga abin da suka riƙe, malami ne mai zurfin karatu, sananne a fadar Kano. Cikin nazarin Alƙur'ani ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Isa ɗan Maryamu: haihuwarsa ba tare da uba ba, kiransa Kalmar Allah da Ruhu daga gare shi, warkar da makafi da kutare, ta da matattu, ɗauke shi zuwa sama. Ya tattara su, ya auna su, ya kai ga cewa matsayin Isa ya wuce yadda aka saba faɗa, kuma a wurinsa ya kamata mutum ya kafa begensa na ranar ƙarshe. Wata ruwaya ta ƙara da cewa wani Sabon Alkawari na Larabci ya shigo hannunsa ta wurin fataken da ke ƙetaro hamada.

Ya fara koya wa almajiransa, suka yi yawa, magana ta kai fada. Aka kira shi aka nemi ya janye koyarwarsa a bainar jama'a. Ya ƙi. Aka tsire shi a kasuwa, irin hukuncin da ake yi domin duk mai wucewa ya gani ya shiga taitayinsa. Almajiran suka ce kafin a tafi da shi ya umarce su su fita daga Kano su yi jira, domin Allah zai aiko musu da waɗanda za su cika musu abin da ya rage na sanin Isa.

A nan sai mu yi hattara, don mun sha jin ana wa'azi da wannan labari ana ƙara masa gishiri har ya koma kamar Malam Ibrahim fasto ne mai abin wuya. Masanin tarihi Ian Linden, wanda ya bi sawun Isawa a shekarun 1970, ya nuna cewa ƙungiyar ta tsiro ne daga cikin Musulunci, daga cikin wancan jira na ƙarshen zamani, kuma alaƙar wasu mabiyanta da Ningi tana cikin abin da ya sa fada ta ɗauke ta da zafi. Isawa ba su da koyarwar gicciye da tashin matattu yadda manzanni suka bayar, ba su da baftisma ko Jibin Ubangiji. Wanda ya ce Kiristoci ne cikakku ya faɗi abin da su kansu ba su faɗa ba.

To, a wane layi za mu sa shi? Littafin Ayyukan Manzanni ya san irin waɗannan mutane. Akwai Karniliyas a sura 10, mai tsoron Allah da addu'a tun kafin Bitrus ya zo gidansa. Akwai Afolos a sura 18, mai ƙwazon koyarwa game da Yesu alhali baftismar Yohanna kaɗai ya sani, har Akila da Bilkisu suka ja shi gefe suka ƙara masa haske. Bambancin shi ne Malam Ibrahim bai rayu ya ga nasa Bitrus ba. Hukuncin ransa yana hannun Allah mai adalci. Abin da ke gabanmu mu auna shi ne wannan: mutum ne da aka ba ɗan haske kaɗan, ya yi biyayya da shi har ƙarshe. Mu kuwa muna da littattafai 66 a harshenmu, da sharhi, da takardar shaidar kammala makaranta. Yawan sani bai taɓa zama ma'aunin biyayya ba, kuma wannan abu ne da ɗalibin tauhidi yake saurin mantawa fiye da manomin da ke zama a bencin baya.

Tsayawa da gudu

Malamin ya tsaya, almajirai suka gudu, kuma shi ne ya ce su gudu. Wasu suka shiga ƙasar Ningi, wasu suka bazu a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Ana ambaton wani Malam Yahaya cikin manyan da suka riƙe koyarwar bayansa. Wa ya yi biyayya a cikinsu, wa tsoro ya kora?

Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma waɗanda suka fi tauna ta 'yan Afirka ta Arewa ne, mutanen ƙasashen da ayarin raƙuma ke tasowa daga cikinsu zuwa Kano. A farkon ƙarni na 3, Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa gudun tsanani bai halatta ba sam, tun da tsanani da izinin Allah yake zuwa. Ikilisiya ba ta bi shi a kan wannan ba. Bishop Sifiriyan na wannan birni ya ɓuya a 250, zamanin tsananin Sarki Desiyas, yana kiwon garkensa ta wasiƙu, har wasu suka zarge shi da ragwanci. Da tsanani ya sake tashi, a ƙarshe ya tsaya ya fuskanci hukunci, aka fille masa kai a 258. Mutum ɗaya, hali biyu, kuma ikilisiya ta karɓi dukansu a matsayin aminci. Bulus ma haka: a Ayyukan Manzanni 9 an zura shi cikin kwando ta bayan ganuwar Dimashƙu da dare, a sura 21 kuma 'yan'uwa suna kuka suna roƙonsa kada ya je Urushalima, ya tafi. A Matiyu sura 10, inda Ubangiji ya hana almajiransa tsoron masu kashe jiki, a nan ne kuma ya ba su izinin barin gari zuwa wani idan an tsananta musu. Aya biyar ce kawai tsakanin maganganun biyu.

Wanda ya fi warware mana zancen a matsayinmu na masu hidima shi ne Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau. Da mayaƙan Bandal suka ƙetaro Afirka a 429, wani bishop mai suna Honoratus ya tambaye shi ko ya halatta ma'aikatan ikilisiya su gudu. Amsarsa a taƙaice: idan kai kaɗai ake nema, kuma akwai waɗanda za su ci gaba da yi wa jama'a hidima, kana iya kaucewa. Idan garken duka ya tashi, bi shi. Amma idan jama'a suna nan, haɗarin kuma na kowa ne, makiyayin da ya tafi ya bar su ya zama ɗan ƙodagon da Yohanna sura 10 ta yi zancensa. Agustin kansa bai fita ba, ya rasu a 430 birninsa yana kewaye da abokan gaba.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan Kano ta 1867, sai mu ga Malam Ibrahim ya yi abin da ya fi abin da aka wajabta masa. Shi ake nema. Da ya janye maganarsa a gaban jama'a, da duk wanda ya koya a wurinsa ya gane cewa abin da aka koya masa bai kai a mutu dominsa ba. Tsayawarsa ita ce darasinsa na ƙarshe. Gudun almajiran kuwa shi ya sa darasin bai mutu tare da shi ba. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ƙafa ba ta nuna abin da ke zuciya: wani yana tsaye ne don girman kai ko don kada a ce ya ji tsoro, wanda shi ma wani irin tsoron mutane ne, wani kuma yana tafiya ne da umarni a hannunsa. Tambayar da za mu riƙa yi wa kanmu da waɗanda suke zuwa neman shawara ita ce, muryar wa kake bi?

Akwai kuma hanya ta uku, wadda ba tsayawar Ibrahim ba ce, ba kuma jiran almajiransa ba. Ita ce hanyar Hamza. Shi ma malami ne, shi ma ya ƙi umarnin da ya ga zalunci ne, shi ma ya fita daga ƙasar Kano. Amma ya ɗauki takobi, kuma kafin a yi nisa waɗanda suka gudu daga zalunci suka zama masu kama 'ya'yan talakawa suna sayarwa. Ba fadar Kano ce ta fi jin zafin Ningi ba, manomin Sumaila ne. Za mu komo kan wannan.

Shekara 46 na jira

Daga 1867 zuwa 1913 shekara 46 ke nan. Yaron da aka goya aka fita da shi daga Kano ya yi furfura. Isawa suna noma, suna saƙa, suna karatu, suna taruwa a ɓoye, suna gaya wa 'ya'yansu cewa akwai masu zuwa. Wannan ɓangare na labarin ba shi da abin ban mamaki da za a yi wa'azin taron farkawa da shi, amma a ganinmu shi ya fi kama da rayuwar yawancin membobinmu. Mutuwar shahada ta yini ɗaya ce. Riƙe abin da ka gaskata shekara da shekaru a ƙauyen da kowa yake kallonka a karkace, a wurin neman aure, a wurin rabon gona, a wurin jana'iza, wannan kullum ne. Da yawa cikinsu sun mutu ba su ga cikar alkawarin ba, kamar waɗanda Ibraniyawa sura 11 ta lissafta. Wasu kuma, gaskiya, sun gaji sun narke cikin jama'a.

Ana cikin haka masu zuwan suka zo, amma ba su san ana jiransu ba. Gowans na ayarin 1893 ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau a 1894, Kent ya rasu a Bida a wannan shekara. A 1900 ayarin C.M.S. na mutum biyar, Tugwell da Miller a cikinsu, suka shiga Kano. Sarki Alu, ɗan Sarki Abdullahi, ya ba su 'yan kwanaki su fice. Suka koma Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Ba mu raina sadaukarwarsu ba, amma shigar tasu Kano a lokacin da Turawan mulki suke shirin cin ƙasar da yaƙi ta sa sarakuna suka ɗauki mai bishara da mai bindiga abu guda, kuma mun daɗe muna biyan bashin wannan zato. Rashin tsoro kaɗai ba ya mai da aiki ya zama biyayya. Bayan an ci Kano a 1903, gwamnatin Lugga ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addini ba, tashin Satiru na 1906 kuma ya ƙara tsorata ta, sai ta rufe wa mishan ƙofar masarautun Musulmi kusan shekara 30. Nan ma tsoro ne yake mulki, wannan karon na Bature.

Miller ya samu zama a cikin birnin Zariya daga 1905, yana magani, yana koyar da yara, yana fassara. Shekara takwas amfanin da ake gani kaɗan ne. A 1913 sai ga waɗansu samari daga zuriyar Isawa a ƙofarsa, sun ji labarin wani mai koyar da zancen Isa. Aka bi su zuwa ƙauyukansu, aka tarar da mutane masu karatu, masu tambaya, waɗanda suka saurari Linjila kamar wasiƙar da aka daɗe ana sa ran isowarta.

Gimi

Aka nemi wuri inda za su zauna tare su koyi bangaskiya a fili, aka samu a Gimi, ta wajen Maƙarfi, kusa da hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano a 1911. Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, shi ya zauna da su. Aka gina majami'a da makaranta, aka yi baftisma, aka kafa sana'ar matse rake, a yankin da har yau ya shahara da rake da mazarƙwaila. Jama'ar ta wuce mutum 100. Wanda ya ga Gimi a shekarunta na farko zai ce jira ya ƙare, lada ya zo.

Sai ciwon barci ya shigo. Wurin yana da ƙudan tsando, kuma a lokacin babu magani mai inganci a kusa. Mutane suka riƙa kumburin wuya, su yi ta gyangyaɗi, su rame, su mutu. Zuwa wajen 1920 garin ya watse, mafi yawan manyan sun kwanta dama, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa makarantar Miller a Zariya.

Mu dakata a nan, domin wannan ne wurin da wa'azinmu yake yawan tsallakewa. Mutanen da kakanninsu suka tsira daga hukuncin sarki, suka yi jiran shekara 46, suka karɓi bishara da hannu biyu, ƙuda ne ya ƙare su cikin shekaru ƙalilan. Idan muna koya wa jama'a cewa dogara ga Allah wata yarjejeniya ce, ka yi biyayya a tsare ka daga cuta da asara, to Gimi ta ƙaryata mu, kuma ranar da irin wannan ta sami memba zai ga kamar Allah ne ya saɓa alkawari, alhali mu ne muka yi alkawarin da sunansa. Abokan Daniyel uku a sura 3 sun shaida cewa Allah yana da ikon cetonsu, suka kuma ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunkin ba. Rabin farko na wannan shaida muke so, rabi na biyu kuwa shi Gimi take koyarwa. Akwai kuma ƙaramin darasi na hankali: bangaskiya ba ta kashe ƙudan tsando. Shugaban da zai zaunar da jama'a a wuri, ko ya tara su a lokacin annoba ko tashin hankali, wajibinsa ne ya tambayi masu sani. Barin Gimi da aka yi a ƙarshe ba rashin dogara ba ne.

Daga cikin ragowar nan ne aka sami wani sashe na jama'ar Wusasa, inda mishan ta koma a 1929 bayan ta fita daga birnin Zariya. Malam Bulus Audu daga zuriyar Isawa yake. Ɗansa, Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, daga baya ya ƙare rayuwarsa yana hidimar bishara da duba marasa lafiya a Samaru. Ba muna kawo wannan don mu ce ga ladan da ya biya mutuwar Gimi ba. Uwar da ta binne 'ya'yanta a can ba a biya ta da kujerar jami'a ba. Muna kawo shi ne don a ga zaren bai tsinke ba.

Komowa ƙasar Kano

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da Hausawan da suka taimake shi da 'yan wasu mishan. A shekarun 1930 kuma aka sassauta dokar hana mishan, S.I.M. ta samu shiga Kano, ta buɗe tasha a Garko maƙwabciyarmu, ta karɓi aikin kutare wanda aka fara a Sumaila aka mai da shi Yadakunya. Sarkin da wannan ya faru a zamaninsa shi ne Abdullahi Bayero, ɗan Sarki Abbas, jikan Abdullahi Maje Karofi. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Yawancin ikilisiyoyin Hausawa da ke ƙauyukan kudancin Kano daga wannan zamani suka samo tushe, kuma akasarin masu bin farko Maguzawa ne.

Tsoron da waɗannan iyaye namu suka fuskanta iri biyu ne. Akwai na iskoki: mutum ya bar yanka wa tsafin gida kafin shuka, ya kwance layu daga wuyan ɗansa, sa'an nan damina ta yi gardama ko yaron ya kwanta da zazzaɓi, dangi duka su zuba masa ido. Akwai kuma na mutane: mai gari, mai gonar da kake aro, surukai. Har yau waɗannan biyun ne suke cika zauren fasto, ba takobi ba. Ɗalibi yana tunanin ya sauya sunansa a takarda don ya samu gurbi. Mai sayar da hatsi a kasuwar Juma'a ta Wudil yana tunanin ko ya bar a ɗauka shi wani ne don ciniki ya tafi daidai. Uwa tana ɗaura wa jariri abu a ƙugu a ɓoye, ranar Lahadi ta rufe da riga. Ba mu da ikon yi musu tsawa daga bagade idan mu kanmu muna sauya wa'azi saboda mai kuɗin da ke zaune a gaba. Bitrus da ya ce wa majalisa dole a fi yi wa Allah biyayya a kan mutane, a Ayyukan Manzanni 5, shi ne kuma ya janye daga cin abinci da al'ummai a Antakiya don tsoron baƙin da suka zo daga Urushalima, har Bulus ya tsauta masa a Galatiyawa sura 2. Ƙaramin tsoro ya kayar da wanda babban tsoro bai kayar ba.

Manyan ranakun tsoro ma ba su ƙare ba. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna Oktoba 1991 da Mayu 2004 a Kano, da harin 20 ga Janairu 2012 wanda ya ci Musulmi da Kirista ba bambanci, da wanda aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero a watan Afrilu na wannan shekara. Bayan kowane ɗaya, hanyoyin nan uku sukan buɗe a gaban ikilisiya. Baƙo yana iya komawa garinsu, kuma kada mu kira shi matsoraci. Bahaushe mai bi na Garko ko Gani ba shi da wani garin, nan ne kushewar kakansa, kuma makiyayinsa yana ƙarƙashin hukuncin Agustin: muddin garken yana nan, yana nan. Hanyar Hamza kuwa takan zo da muryar matasa masu zafin zuciya, da hujjoji masu kama da gaskiya, domin zaluncin da suke ambata sau da yawa ya faru. Tsare rai da iyali da kai ƙara ga hukuma ba laifi ba ne, Bulus ma ya nemi haƙƙinsa na ɗan Roma. Amma ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba, mai shago ko almajiri ko matafiyi, ita ce Ningi, kuma wanda zai biya kuɗinta shi ne ɗan'uwanmu da ke zaune shi kaɗai a wani ƙauye mai nisa. Kada mu manta kuma, a kowane ɗayan rikice-rikicen nan an sami maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu, suka sa ransu a haɗari. Su ma sun san wani abu game da fifita tsoron Allah a kan tsoron mutane.

Abin da ya fi kusa da labarin Malam Ibrahim a aikinmu na yau shi ne mutumin da zai ƙwanƙwasa ƙofar fasto bayan isha, ya ce ya daɗe yana karatu game da Isa, yana da tambaya. Tsoro zai ce a sallame shi, kada a jawo wa ikilisiya magana. Wani irin zafin kai kuma zai ce a tsayar da shi gaban jama'a ranar Lahadi mai zuwa ya ba da shaida, a ɗauki hoto a watsa a waya, alhali ba fasto ne zai koma ya kwana a gidan mahaifin mutumin ba. Samarin da suka je wurin Miller a 1913 an zaunar da su ne, aka saurare su, aka bi su har gida, aka ɗauki lokaci ana koyarwa kafin a kai ga ruwan baftisma. Dattawan kowace ikilisiya ya kamata su zauna tun ba a ƙwanƙwasa ba, su san wa zai koyar da irin wannan baƙo, a ina zai kwana idan an kore shi, wace sana'a zai ci abinci da ita, da kuma waɗanne 'yan'uwa na Tarayyar Masihiyawan Nijeriya ko na wata gunduma za a kira idan zamansa a garin ya gagara.